Jan Harafi a Bayan Mota: Tarihin Ɗan Koyo a Kan Hanyar Watari

Da sanyin safiyar rani, a makonnin da manoman Watari ke tsinkar tumatir, hanyar da ta fito daga Bagwai ta nufi Bichi takan cika da masu gaggawa. Ga J5 da aka ɗora wa kwanduna har bisa rufi, ga a-kori-kura ɗauke da buhunan albasa, ga Golf mai fasinja shida da kaya a but, sai babura da ke kurɗawa ta duk kafar da suka samu. A tsakiyar wannan ayari, wani lokaci akan ga ƙaramar mota tana tafiya a giya ta biyu, da jan harafin L manne a bayanta. Mai tuƙin ya ƙanƙame sitiyari da hannu biyu, na gefensa yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ba a jimawa na baya zai matso har ya kusa shafar bamba, ya kwanta a kan hon. Idan ɗan koyon ya firgita ya saki kuloci, motar ta mutu a kwana, sai a zagaye shi ta hagu da ta dama, kowa ya jefa masa tasa: "Malam, ka koma fili mana!" ko kuwa "Wa ya ba ka mota?" Idan mace ce a kan sitiyarin, maganar takan fi haka ɗaci.

A dokar hanya, ma'anar wannan harafi ita ce a ja baya, a ba mai shi sarari da lokaci. A kan kwalta kuwa an fi karanta shi da cewa ga wanda za a iya yi wa tsawa ba tare da ya rama ba. Abin da ke ɗaure kai shi ne, ƙasar Hausa ba baƙuwar ɗan koyo ba ce. A maƙera, da marina, da shagon tela, da tsangaya, an saba da wanda hannunsa bai faɗa ba, ana kuma yi masa uzuri da cewa da koyo akan iya. Me ya sa uzurin ke ƙarewa a bakin titi? Amsar tana cikin tarihin yadda tuƙi ya shigo ƙasar, da hannun waɗanda ya fara faɗawa, da kuma irin makarantar da ta yaye su.

Hanya kafin mota

Watari tana cikin karkarar Kano mai cunkoson jama'a, yankin da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarinsa tun shekarun 1960, inda kusan kowane taƙi na ƙasa gona ce da ake nomawa duk shekara. A irin wannan wuri hanya ba ta da faɗi, domin kowane taku da aka ba ta an rage shi ne daga gonar wani. Turba ce tsakanin shinge da shinge, sai burtalin shanu. A kansu jakuna ke kai itace da hatsi birni, su komo da taki.

Wannan ƙunci ya haifar da ladabi nasa. Wanda ba shi da kaya yakan kauce wa mai kaya, yaro yakan kauce wa babba, kuma "gafara dai" ta isa ta buɗe hanya. Yaron da ya fara korar jakuna ba ya buƙatar wata alama da za ta nuna sabon hannu ne, don kowa ya san ɗan gidan wane ne. Idan mangala ta zame, mai wucewa yakan tsaya ya kama masa. Abu ne mai sauƙi a yi haƙuri da shi, tun da gwani da ɗan koyo duk a saurin jaki suke tafiya, kuma jinkirin da zai jawo wa wani bai wuce na 'yan taku ba.

Haka abin yake a doguwar tafiya. Ayarin fataken goro da ke zuwa Gwanja, wanda Agalawa da Tokarawa mazauna garuruwan tsakanin Kano da Katsina suka yi suna a kansa, yana da madugu da jagaba, kuma tare yake sauka a zango. Saurayin da ya fara fatauci yana bin ubangidansa ne, kuma amincin ayarin ya dogara ga kada a bar kowa a baya. Wanda ya fi kowa rauni shi ke yanke saurin tafiyar.

Makarantar tasha

Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma daga 1912 cinikin gyaɗa ya bunƙasa. Amma dogon bai taɓa zuwa birnin Katsina ba a zamanin mulkin mallaka: reshe ɗaya ya bi ta Funtuwa da Gusau zuwa Ƙauran Namoda, ɗaya kuma ya nufi Nguru. Saboda haka duk abin da ƙasar Bichi da maƙwabtanta suka noma, ta ƙasa yake isa Kano, da farko a bayan jakuna da raƙuma, daga baya a cikin manyan motoci masu bodin katako, waɗanda suka yawaita bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Motar da mutanen wannan yanki suka fara sani da kyau motar lodi ce, kuma mai tuƙa ta ɗan sana'a ne da ake biya.

Direban wancan zamani mutum ne da ake kallo. Ya san garuruwan da manomi ke ji a labari, yana da kuɗi a aljihu, kuma yana sarrafa abin da ya fi komai girma a kan hanya. Ƙofar shiga sana'arsa guda ɗaya ce, wato zama yaron mota, wanda aka fi sani da karen mota. Waƙar da ta fara fito da Ɗanmaraya Jos a idon jama'a a kan wannan yaro take, abin da ke nuna yadda kowa ya san shi da irin rayuwarsa.

Karatun yana da matakai, kuma ba a tsallake su. Yaro yakan fara da wanke mota da kwana a ƙarƙashinta yana gadi. Shi ke ɗaure kaya, shi ke zuba ruwa a lagireto, shi ke dira da gudu ya sa weji a bayan taya idan an tsaya a hawa, shi ke kwance taya a tsakar rana. Bayan an ga hankalinsa sai a bar shi ya tayar da inji da asuba ya ɗumama shi. Sannan a ce ya gyara fakin a cikin tasha, ya yi ribas, ya kai mota wurin wanki. Sai wata rana cikin dare, a miƙaƙƙiyar hanyar da ba kowa, barci ya fara ɗibar maigida, ya matsa gefe ya ce, "Zo ka riƙe." Tsakanin ranar da ya fara riƙe soso da wannan dare akan yi shekaru.

Wannan makaranta ta yaye gwanaye, amma ta bar gado iri uku da har yau ake gani. Na farko, ta ɓoye koyo daga idon jama'a. Kuskuren yaron mota a cikin tasha yake faruwa ko a duhun dare, kuma ranar da aka gan shi da rana a kan sitiyari ya riga ya iya. Masu amfani da hanya ba su taɓa sabawa da ganin mai koyo a tsakiyarsu ba. Na biyu, ta ba ɗan koyo inuwa. Yaron Wane ne, motar Wane yake ja, kuma wanda ya zage shi ya san da wa zai haɗu a tasha. Kariyar tana tattare da sunan maigida. Na uku kuma, ta sa an ɗauki iya tuƙi a matsayin abin da ake saya da wahala. Wanda ya sha ranƙwashi da sanyin ƙarƙashin mota na shekaru kafin a miƙa masa makulli, da wuya ya ga dalilin da zai sa ya lallaɓa wanda ya sayi mota jiya, ya fito titi yau.

A hannun waɗannan mutane ne hanya ta sami tsarin girmanta: gingimari a sama, sai bas, sai ƙaramar mota, sai babur, sai keke, mai ƙafa a ƙarshe. Tsohon ladabin turba, inda mai ƙarfi ke kauce wa mai nauyin kaya, ya juye. Lokacin da aka kafa ƙungiyar direbobi ta ƙasa, NURTW, a 1978, ta tarar da sana'a mai shugabanni da dokokinta na cikin gida, wadda ta san nata ta kuma san bare.

Harafin da ya zo daga Ingila

Shi kuwa jan harafin, a wata duniya daban aka haife shi. A Ingila, dokar hanya ta 1934 ta wajabta jarrabawar tuƙi, aka fara aiki da ita a 1935, tare da lasisin wucin gadi da alamar L ga mai koyo. A can mota tana zama kayan gidan masu matsakaicin hali, kuma mai koyon yawanci baligi ne mai sana'arsa daban, malami ko akawu ko matar gida, wanda ba shi da wani maigida a harkar mota. Dole ya koya da rana, a kan titin da kowa ke bi, a tsakiyar mutanen da ba su san shi ba. Harafin wasiƙa ce zuwa ga baƙi, tana roƙa masa abin da dangantaka ba za ta ba shi ba. Har yau littafin ƙa'idojin hanya na ƙasar yana da sashe da ke umartar direbobi su yi haƙuri da masu koyo da sababbin hannu.

Nijeriya ta gaji dokokin hanyarta daga can. Dokar motoci ta farko, ta 1913, Kudu kawai ta shafa, ta 1916 ta game ƙasa, aka yi ta sabunta su har bayan samun 'yancin kai. Alamar mai koyo ta shigo cikin wannan gado, kuma ƙa'idojin yau suna nan a kanta: takardar izinin koyo, jan harafi a kan farin fili gaba da baya, da mai lasisi a kujerar gefe. Sai dai an kawo alamar ba tare da al'adar karanta ta ba, kuma ta daɗe ba ta da masu ɗaura ta da yawa a Arewa. Attajiri ko basarake da ya sayi mota direba yake ɗauka. Tuƙi aikin yara ne, babba a kujerar baya yake zama.

Wanda ya canza wannan shi ne ma'aikacin gwamnati. Rancen sayen mota ya ba malaman makaranta da jami'an ofis damar mallakar abin hawa ba tare da ikon ɗaukar direba ba. Arzikin man fetur ya faɗaɗa ƙofar: ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya da bashin watannin baya a 1975, ya zuba kuɗi a hannun ma'aikata a shekarar da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas. Bayan faɗuwar darajar naira daga 1986, motocin Kwatano suka maye gurbin sababbi, yawan masu tuƙa kansu ya ci gaba da ƙaruwa.

A nan ne duniyoyin biyu suka yi karo. Sabon ɗan koyon mutum ne mai shekara talatin ko arba'in, mai iyali, wanda ake miƙe wa a ofis. A kan titi kuwa ba yaron kowa ba ne, ba shi da tasha, kuma bai biya kuɗin shiga da wahala ba. Kwandasta ɗan shekara goma sha bakwai, wanda ba zai iya ɗaga ido ya dube shi a sakatariya ba, yana iya leƙowa ta taga ya kira shi lana, fasinjoji su yi dariya. Titi ya zama ɗaya daga cikin wurare ƙalilan da talaka ɗan sana'a ke gaba da mai takarda, kuma jan harafin shi ke nuna masa wanda zai huce a kansa. Ga mai ɗaura shi, harafin ya zama abin kunya, tallan rashin iyawa a bainar jama'a.

Ranar da kowa ya koma ɗan koyo

Sau ɗaya aka taɓa rushe wannan bambanci. A ranar Lahadi, 2 ga Afrilu, 1972, a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma hannun dama. Babban dalilin shi ne maƙwabta: Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomey duk ta dama suke bi. Direbobin hanyar Kano zuwa Maraɗi, wadda ta ratsa Bichi da Katsina da Jibiya, sun riga sun san wahalar, tun da duk tafiya sai sun sauya hannu a kan iyaka. Ga sauran jama'a kuwa sabon abu ne, aka yi watanni ana wayar da kai ta rediyo da jaridu da alluna.

A wannan safiya, daɗewa a kan sitiyari ta koma abin tsoro. Wanda ya shekara ashirin yana shiga shataletale ta hanya ɗaya, shi ne hannunsa zai fi saurin komawa ga abin da ya saba idan hankalinsa ya ɗauke. Direban gingimari da malamin da ya sami lasisi a watan da ya wuce suka zama ɗaya, kowa yana tunani kafin ya sha kwana, kowa yana buƙatar na gabansa ya yi masa uzuri.

Suwidin ta yi irin wannan sauyi a ranar 3 ga Satumba, 1967, kuma abin da ya biyo baya ya ba masana mamaki. Maimakon haɗura su ƙaru, sai suka ragu a watannin farko, sannan suka koma yadda suke cikin kamar shekara biyu, bayan mutane sun sake sakin jiki. Darasin shi ne, taka-tsantsan irin na ɗan koyo yana kare rai, kuma abin da ke gusar da shi shi ne jin cewa an ƙware. A Nijeriya ma hannu ya saba da dama, tsohon tsarin girma ya koma mazauninsa, waɗanda suka koyi tuƙi bayan 1972 kuma ba su taɓa ɗanɗana ranar da gwani ya ji abin da lana ke ji ba.

Watari bayan dam

An gina madatsar ruwa ta Watari tsakanin 1977 da 1980, cikin jerin madatsun da jihar Kano ta tsara tun zamanin Gwamna Audu Baƙo. Noman rani da ya biyo bayanta ya sauya abin da ke bin hanya. Gyaɗa da dawa suna iya jira a buhu, tumatir kuwa ba ya jira. Wanda ya yi lodi da asuba yana tsere ne da rana da kuma farashi, ko kasuwar Badume ya nufa, ko Kano, ko Kudu. Kowane minti da ya ɓata a bayan mota mai tafiyar hawainiya yana jin sa a aljihu.

Adalci ne a faɗi wannan, domin ba mugunta kaɗai ke danna hon ba. Yawancin direbobin haya ba su ne masu motocin ba, akwai balas da za su kai wa mai ita kowace rana ko kowane mako, ko an samu ko ba a samu ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowane birki da sake ɗaukar gudu ya ƙara tsada. Hanyoyin karkara kuma siraran ne, ba su da kafaɗar da mai tafiya a hankali zai raɓa, kuma amalanken shanu da 'yan makaranta da awaki duk a kansu suke.

Sannan babur ya shigo da wani irin ɗan koyo da doka ba ta ma san da shi ba. Baburan Sin da na Indiya masu araha sun cika ƙauyuka daga farkon shekarun 2000, kuma duk da hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013, a karkara babur ya ci gaba da zama motar kowa. Yaro yakan koye shi da yamma ɗaya a hanyar gona, washegari a aike shi kasuwa. Ba ya ɗaura harafi, ba wanda ke zama a bayansa, kuma ba wanda ke yi masa tsawa, don ba a gane shi sai ya faɗi.

Hukuma ta yi nata yunƙurin. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa a 1988, Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma daga baya ta shimfiɗa tsarin tantance makarantun koyon tuƙi, ta sa shedar makaranta cikin sharuɗɗan sabon lasisi kafin a je gwaji wurin jami'an VIO. Jihar Kano ta kafa KAROTA a 2012. Amma makarantun a birane suka taru. Malamin firamare a Bagwai ko ma'aikaciyar asibiti a Bichi sun fi samun ɗan'uwa ko abokin aiki ya koya musu a filin Idi ko filin ƙwallon makaranta. A fili ana iya koyon giya da ribas. Ba a iya koyon auna saurin motar da ke tahowa, ko shiga babban titin Katsina daga ƙaramar hanya, sai a kan titin kansa. "Ka koma fili" umarni ne da ba ya kai kowa ga iyawa.

Abin da hon ke haifarwa

Gwanin direba ba ya tunanin ƙafarsa, jikinsa ya haddace aikin, hankalinsa yana kan hanya. Ɗan koyo kuwa kowane motsi sai ya lissafa shi: kuloci, giya, madubi, sigina. Hankalinsa a cike yake, kuma ƙarar hon daga baya wani kaya ne da aka ƙara masa. Abin da yakan biyo baya sananne ne, ko ya taka birki da ƙarfi, ko ya taka totur a maimakon birki, ko ya shiga mahaɗa kafin lokacin da ya dace don kawai ya rabu da mai matsa masa. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, kuma idan gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata takan ninka huɗu. Wanda ya manne wa bayan ɗan koyo da lodin tumatir ya zaɓi ya bi mutumin da ya fi kowa yiwuwar tsayawa ba zato, a tazarar da shi kansa ba zai iya tsayawa ba. Sauri kan haifi nawa, a nan kuwa har da abin da ya fi nawa muni.

Illa mafi girma ba a ganin ta a wurin. Wanda aka ci wa fuska sau biyu ko uku yakan ɓamɓare harafin ya jefa a but, ya ci gaba da fita da hannun da bai faɗa ba. Wani yakan gajarta koyon, ya nemi lasisi ta bayan fage. Wata kuma takan ajiye makullin gaba ɗaya, ta koma jiran wanda zai kai ta aiki ko asibiti, motar da ta biya da albashinta tana fake a gida. A duk hali ukun hanya ce ta yi asara, domin alamar da aka ƙirƙiro don a gane sabon hannu daga nesa ta zama abin da sabon hannu ke ɓoyewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa haɗuran hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma Afirka ce ke da kaso mafi muni idan aka auna da yawan jama'a. Direban da ya koyi tuƙi cikin tsawa ya kuma koyi cewa haka ake yi wa na ƙasa, kuma zai yi wa na bayansa.

A shekarar da Nijeriya ta sauya hannu, 1972, Japan ta fito da wata alama mai launin kore da rawaya wadda sabon direba ke ɗaurawa tsawon shekararsa ta farko. Abin lura a dokar shi ne ta ɗora nauyi a ɓangare biyu. Sabon direba yana da laifi idan bai ɗaura ba, sauran direbobi kuma suna da laifi idan suka matse motar da ke ɗauke da ita ko suka yanko mata gaba. A Nijeriya nauyin a kan ɗan koyo kaɗai yake: ana iya kama shi don bai ɗaura ba, amma ba abin da alamar ke saya masa idan ya ɗaura.

Duk da haka, ba sai an je Japan ba kafin a ga direbobi suna girmama alama. A hanyar Bichi, idan mota ta lalace a bayan kwana, yaron mota yakan karyo rassan ganye ya jera a kan kwalta, kuma daga direban tirela har ɗan babur kowa yakan sassauta idan ya gan su. Masu tahowa sukan yi wa juna walƙiya da fitila don gargaɗin abin da ke gaba. Akan tsaya cak garken shanu ya tsallaka, akan ba masu ɗauke da gawa hanya ba tare da ko hon ɗaya ba. Babu jami'in da ke tilasta ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ana kiyaye su ne don sun fito daga cikin sana'ar, kuma kowane direba ya san wata rana shi ne zai jera ganyen. Jan harafin bai sami wannan matsayi ba saboda daga waje ya zo, kuma gwani yana ganin ya wuce buƙatarsa har abada.

Wurin da aka koyar da ma'anar ganye a kan kwalta, wato tasha da shugabannin rassanta, shi ne wurin da zai iya koyar da ma'anar harafin, fiye da kowane allo da hukuma za ta kafa. Kuma masu sana'ar suna da nasu rabon a ciki. Yaran mota na yau ba sa samun shekarun da iyayen gidansu suka samu, ana miƙa musu makulli da wuri, a kan titin da ya fi na da cunkoso da gudu. Direban J5 da ya kwanta a kan hon da safe, akwai yaro zaune a gefensa yana kallon yadda ake yi. A hanyar dawowa, idan an wuce Dawanau dare ya yi, wataƙila shi zai ce wa ya zo ya riƙe, kuma a bayansu akwai tirelar da ba ta san hannun wa ke kan sitiyarin ba.